Inna Ta Ce A Rubuta

Wata ranar Alhamis, washegarin shigowar albashi, na faɗa ɗaya daga cikin manyan kantunan zamanin nan da suka fara yawa a cikin garin Katsina. Tun daga bakin ƙofa sanyin na'ura ya tare ni. Na ja kwando na bi layi-layi ina ɗiba da hannuna: madara babban gwangwani, taliya, omo, man girki, har da wani biskit da babu shi a cikin saƙon uwargida. Aka buga lissafi, na miƙa kati, ko tayi ban yi ba. Sai da mai Napep ya sauke ni a bakin layinmu sannan gabana ya faɗi. Ba ni da hanyar shiga gida sai ta gaban shagon unguwa, mai shagon kuwa yana bi na cefanen wata biyu. Ga ledoji uku a hannuna, kowace da sunan kantin ɓaro-ɓaro.

Ya ɗago kai daga ƙullin sukarin da yake yi, ya dubi ledojin, ya dube ni. "Malam, an sha kasuwa? Allah shi amfana." Iyakar abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da na fi samun barci a daren.

Abin ya tsaya mani a rai ne don ni ɗan shago ne. Ƙanen mahaifiyata, Kawu, shi ya buɗe shago na farko a ƙauyenmu, can kan hanyar Daura kafin a kai Mashi, kuma duk hutun makaranta a wurinsa nake yi a tsakiyar shekarun 1980. Ɗaki ne guda na ƙasa da aka fasa wa ƙofa ta waje, rufin kwano, kanta uku na katako. A ta sama madarar gwangwani da sukarin kwali da ganyen shayi. A ta tsakiya sabulun sanda, ashana, batir, reza, allura, lagwani da ƙwan fitila. A ƙasa buhun gishiri da garwar kananzir, wadda warinta ke shiga komai har alewar da muke sata. A ƙofa akwai benci inda dattawa ke zama su ji labarun BBC da na rediyon Kaduna. Wasiƙar 'yan ci-rani daga Legas ko Shagamu a nan take sauka, a nan kuma ake karanta wa mai ita.

Amma ainihin jarin shagon yana cikin wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin kanta: littafin makaranta da Kawu ke rubuta bashi a ciki da ajami. Ba ya rubuta sunan matar aure. Sai dai "gidan wanzamai", "tsohuwar bakin rijiya", "amaryar Liman". Da magariba yarinya za ta zo ta raɓe daga gefe har mutane su ragu, sannan ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Kawu, wai Inna ta ce a ba ta kananzir rabin kwalba da magi biyu, ta ce a rubuta." Ya sa mazurari ya auna, ya ɗan ɗiga gyara, ya jawo adaka. Daga tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, littafin kumbura yake yi. Da kaka ya saɓe. Wani ya biya da kuɗi, wani da tiyar gero, wata da kaza. Wani kuma har abada. In mai bashi ya rasu, a wajen jana'iza aka yi shelar wa ke bin mamaci, Kawu sunkuyar da kai yake yi. Da dare ya ɗauko littafin ya ja layi.

Da yawa daga cikinmu muna zaton shago gadon kaka da kakanni ne. Kasuwanci dai gado ne, wannan ba musu. Katsina ta yi zamani tana sauke ayarin raƙuma daga hamada, ko da yake lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851 ya tarar Kano ta riga ta janye mafi yawan cinikin bayan jihadi. Amma cinikin mutumin ƙauye a kasuwar mako yake, da kan yara masu talla, da jakar ɗan koli mai bin gari-gari da madubi da kwalli da zobe. Daddawa, kuka, kuɓewa, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, duk daga cikin gidaje suke fitowa, daga hannun matan da ba su taɓa zama a rumfa ba. Ɗakin da za a buɗe kullum daga safe zuwa dare, a jera kayan da aka ƙera a wata ƙasa, baƙo ne a wurinmu, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo shi.

Dogo ya iso Kano a 1911. Shekara ta zagayo gyaɗa ta yi kuɗi, daga nan kamfanonin Turawa suka yi ta kafa sikeli ɗaya bayan ɗaya: Niger Company, John Holt, GBO, PZ, da na Faransawa CFAO da SCOA. A 1929 aka haɗe Niger Company da wani babban kamfanin aka sami UAC, wadda ta zama giwar cikinsu. Inda suke auna maka gyaɗa, nan suke sayar maka da atamfa da akoko da gishiri da kananzir da kwanon sha. Kuɗin da suka miƙo maka ta wannan tagar, ta waccan suke karɓewa. Wannan ɗakin shi ne kanti, kalmar ma tasu ce muka lanƙwasa ta zama tamu. Kwarori, 'yan Siriya da Labanan, suka biyo baya suka jera nasu a Fagge. A ƙasar Katsina, Funtuwa ce ta sami dogo a ƙarshen shekarun 1920, ga auduga, ga gidan gurzarta a can da Malumfashi. Birnin Katsina da Daura kuwa a bayan mota kayansu ke zuwa daga Kano, har yau.

Bahaushe ya shiga wannan harka ne a matsayin wakili. Manya irin su Alhassan Ɗantata suna karɓar kuɗin kamfani su raba wa yaransu su sayo gyaɗa. Can ƙasa kuma akwai wanda zai karɓi katan ɗin ashana da ɗan sabulu da sigari daga kanti, sau da yawa bashi, ya jera a tebur a bakin tasha. Shi ne mai tireda. Kawu da tebur ya fara, da kuɗin ci-ranin shekara biyu. Da fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, sikelin kamfani ya tashi daga ƙauye. Sai dai a daidai lokacin kuɗin fetur sun fara gangarowa. A 1976 aka buɗe makarantun UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ƙauye ya wayi gari da wani sabon mutum: mai albashi. Malamin firamare, malamin asibiti, malamin gona. Su ne suka sa tebur ya zama shago, don su ke shan shayi da madara kullum. Su ne kuma suka buɗe wani sabon shafi a littafin Kawu, wanda ba kaka yake jira ba, ƙarshen wata yake jira. Zan dawo kan wannan shafin, don a nan sunana yake.

Su ma Turawan daga irin shagon Kawu suka taso. Ganyen shayin da muke kira Lipton sunan wani mai shago ne, Thomas Lipton, wanda ya buɗe ɗan shagon man shanu da ƙwai da nama a Glasgow a 1871, ya yi ta buɗe rassa har suka cika Birtaniya. A Amurka wani kamfanin sayar da shayi da aka fara a birnin New York a 1859, wanda duniya ta sani da A&P, shi ya fi kowa gane dabarar. A 1912 suka fito da sabon salo: ƙaramin shago, mutum ɗaya a ciki, ba kai kaya gida, ba bashi. Farashi ya sauko, mutane suka yi ca. Zuwa 1930 suna da shaguna kusan 16,000. A 1916 wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a garin Memphis, inda ya ce mai saye ya shiga ya ɗebi kaya da kansa ya biya a bakin ƙofa. Kwandon da na ja ranar Alhamis jikan wannan dabarar ne. A 1930 kuma King Kullen ya buɗe a New York, ƙaton ɗaki kamar sito, riba kaɗan a kan kaya mai yawa.

Arahar babban kanti ba siddabaru ba ce. Yana sayen kaya tuli guda kai tsaye daga masana'anta, don haka shi ke yanka farashi. Ya mai da kai yaron shagonsa kyauta, kai ke ɗauka kai ke turawa. Sannan ba shi da adaka a ƙarƙashin kanta. Yarinyar da Inna ta aiko ba ta da wanda za ta raɓe ta yi wa magana ƙasa-ƙasa, don yarinyar da ke kan na'urar lissafi ita ma 'yar aiki ce, ko kwabo ba ta da ikon yafewa.

Ƙananan masu shago a Amurka sun yi kuka har majalisa ta ji. Jihohi da dama suka ɗora wa masu rassa haraji na musamman, a 1936 kuma aka yi dokar Robinson-Patman wadda ta hana masana'anta fifita babban mai saye da rangwamen da ba shi da dalili. Bai hana abin da zai faru faruwa ba. Shagunan unguwa suka yi ta mutuwa, ita ma A&P daga baya waɗanda suka fi ta girma suka taka ta, ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 2015.

To mu ma haka za a yi mana? Wannan ita ce tambayar da nake ji a majalisa duk lokacin da aka buɗe sabon kanti mai gilashi a gari. Ni ban ga alama ba, kuma tarihi ne shaidata. UAC ta buɗe Kingsway a Legas a 1948, Leventis da UTC suka yi nasu, suka bazu a manyan birane. Turawa da manyan ma'aikata ke shiga. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, shigo da kaya ya gagara, naira ta faɗi, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Shoprite ta Afirka ta Kudu ta shigo Legas a 2005, ta iso Kano a 2014 aka yi ta zuwa ɗaukar hoto. A 2021 masu ita suka sayar suka tafi, a watan Janairun 2024 reshen Kano ya rufe. Shagon Kawu kuwa yana nan a buɗe, ɗansa ke ciki. Babban kanti yana buƙatar mai albashi mai kauri, mai mota, mai firji da wutar da za ta riƙe shi. Mutanenmu na tukunyar daren yau suke saye. Wanda ya wuni yana tura baro a babbar kasuwa da abin da ya samu zai tsaya a shago ya sayi taliya ɗaya, mai na ƙulli, magi uku. Kamfanonin kansu sun gane haka tun shekarun 1990, lokacin da Cowbell ta fito da madara a 'yar ƙaramar leda, sauran suka bi. Abin da mai tireda ke yi da zare da leda, su suka mai da shi aikin inji.

Saboda haka ba na jin tsoron babban kanti zai kashe shago. Abin da ke cin shago yana cikin gida, kuma kashi biyu ne.

Na farko tsadar sari. Ɗauki buhun sukari mai kilo 50. Daga matatar Legas zai hau tirela zuwa wurin dila a kasuwar Singa ta Kano. Ɗan sari na Katsina ya je ya ɗauko katan-katan da buhu-buhu. Mai shagon ƙauye ya hau mota ya zo Katsina ya sayi buhu ɗaya, wani lokaci rabi, ya biya kuɗin motarsa da na kaya da na ɗan dako, ya ba na kan hanya abin da suka saba karɓa. Kowane hannu da ribarsa, kowace mota da man da ta sha, tun ba bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba. Kafin sukarin nan ya zama ƙulli a hannun tsohuwar bakin rijiya, ta biya shi da tsadar da babban darakta mai sayen buhu guda bai taɓa biya ba. Wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa sayen kaya da tsada. In ka ce mashi haɗama ce ta mai shago, ka zalunci mai shago. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa jarinsa bai kai ya tsallake ko hannu ɗaya ba.

Ba wai ina wanke masu shago tas ba ne. Na san mai tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban, an bubbuge gindin ɗaya da guduma. Na san mai goge kwanan watan madarar da ta lalace. Na san wanda in ya ji a rediyo dala ta tashi zai ƙara wa kayan da suka yi wata uku a kanta kuɗi, in ta sauka kuma rediyonsa ba batir. Farashi ba a rubuce yake ba, fuskarka ake dubawa. Shi kansa Kawu, Allah ya jiƙansa, geron da yake karɓa a madadin bashi da kaka a farashin kaka yake karɓarsa, lokacin da ya fi araha, ya adana har damina ya sayar wa mutanen da suka kawo shi. Ina yaro ban ga komai a ciki ba. Yanzu na san bashin nan ba kyauta ba ne, akwai inda ake fanshewa. A nan babban kanti ya fi mu gaskiya: kuɗin kaya a manne yake, yaro da babba, baƙo da ɗan gari, duk ɗaya.

Na biyu shi ne littafin. Wani abokina malamin tattalin arziki ya taɓa kawo mani misalin Rochdale don ya kashe bakina. A wannan garin na Ingila, a watan Disambar 1844, ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, suka gaji da garin alkama mai gauraye da awon zamba da bashin masu shago, suka haɗa kuɗi suka buɗe nasu. Kayan farko kaɗan ne: gari, man shanu, sukari, kyandir da ɗan abin da ba a rasa ba. Awo cikakke, ribar shekara a raba wa kowa gwargwadon sayayyarsa. Daga nan ƙungiyoyin gama-kai na duniya suka samo tsari. Amma cikin dokokinsu har da cewa ba bashi, kuɗi hannu. "Ka gani," in ji abokina, "su ma talakawan da kansu suka hana. Bashi igiya ce a wuyan mai ci."

Ya yi gaskiya rabi. Masaƙin Rochdale duk mako ake biyansa. Manomin ƙasar Mashi sau ɗaya a shekara ake biyansa, in damina ta yi kyau. Shagon da zai ce ba bashi a ƙauye a watan Agusta, gara ya sa kwaɗo ya tafi gona. Takardar nan da ake mannawa, "ba bashi yau sai gobe", kowa ya san don baƙo aka rubuta ta. Kuma addininmu bai hana bashi ba, tsara shi ya yi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kafinta kaɗan kuma aka ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri. Littafin Kawu yana da asali.

Wanda ba shi da asali shi ne bashin irina. Hadisi ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kuma ban san wanda ya fi dacewa da wannan ba kamar mai albashin da ke cin bashin shagon unguwa daga ranar goma ga wata, in kuɗi sun shigo ya kwashe su ya kai inda ake sanyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mai shago ya ɗauki nauyin kwanakin babu, babban kanti ya ci ranar samu. Ka tambayi duk mai shagon da ka yarda da shi, wa ya fi ba shi wahala? Da wuya ya ce maka bazawara mai 'ya'ya biyar. Ita kunya ke sa ta kawo ko rabi. Mai babbar riga ne, wanda in an aika yaro ya tuna masa zai ce, "Ni za a yi wa aike a kan ɗan wannan?" ya ɗauke ƙafa ya koma shagon gaba ya buɗe sabon shafi.

A da wannan jinkiri ciwo ne mai sauƙi. Yanzu kisa ne. In kaya na tashi kowane mako, kuɗin da aka rubuta a watan Janairu aka biya a watan Mayu ba sa sayen abin da aka ɗauka. Mai shago ya karɓi kuɗinsa cif, ya je sari ya tarar katan ya zama rabin katan. Riba ba ta zo ba, uwar kuɗi ta tafi. Shi ya sa in ka lura da shagunan unguwa a 'yan shekarun nan za ka ga kanta a cike, amma ka ɗaga kwalin da ke baya ka ji iska. Kwalaye ne marasa komai aka jera don rufin asiri.

Mun kuma manta da wuri wanda ya riƙe mu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Banki layi har titi, mai POS ba takarda, tura kuɗi ta waya ya maƙale kwana biyu. Ina da kuɗi a asusu, gidana ba na cefane. Babu ofishin da ya buɗe don wannan, babu kantin da ya ce ɗauka ka kawo daga baya. Mai shagon layinmu ne ya buɗe littafi ga duk wanda ya sani, har wanda bai taɓa cin bashi ba. A ƙauyukan yammacin jihar kuwa, wajen Batsari da Safana da Jibiya, in 'yan bindiga sun shiga gari shago suke fara fasawa, mai shi ya rasa kaya, masu bashinsa kuma sun watse gudun hijira. Ba wanda ke lissafa wannan asarar.

Abin da nake gani shi ne mu ɗauki dabara ɗaya daga masu rassa mu bar masu sauran. Dabarar kuwa ita ce saye a dunƙule. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. Lokacin da A&P ke cinye kasuwa, masu shagunan kansu a Amurka suka kafa haɗakarsu mai suna IGA a 1926. A Holan aka kafa irinta, SPAR, a 1932, wadda yau ake ganin tambarinta a Legas da Abuja ana zaton kamfani ɗaya ne tun asali. Tsarin mai sauƙi ne: kowa da shagonsa, kowa da ribarsa, kowa ya san mutanen unguwarsa, amma sari tare ake yi. Shago ɗaya ba ya iya kiran tirela. Shago arba'in daga Katsina zuwa Mashi zuwa Daura suna iyawa, kuma dilan da ke yi wa mai buhu ɗaya kallon hadarin kaji zai tashi ya ba mai tirela kujera.

Muna da harsashin abin. Adashe ba baƙonmu ba ne, kuma kusan kowace kasuwa da ƙungiyarta. Sai dai mafi yawan ƙungiyoyin nan aikinsu gudummawar suna da biki, da rakiyar ɗan takara, da rigimar shugabanci. Na san abin da za a ce: wa zai riƙe kuɗin? An sha cin amana, an sha ganin ƙungiyar gama-kai da ma'aji ya mai da ita gadonsa. Gaskiya ne. Amma yau asusun banki mai sa hannun mutum uku, wanda ko naira ta motsa saƙo zai shiga wayar kowa, ba abin wahala ba ne. Lokacin Kawu ne ake ɗaure kuɗi a lalita a damƙa wa mutum ɗaya a bi shi da addu'a.

Hukuma kuma, in da gaske take son sauƙin abinci, ta san inda ya kamata ta sa hannu. An gina rukunin shaguna masu ƙofar ƙarfe a garuruwa da dama, wasu awaki ke kwana a barandarsu. Ana raba jari a ambulan gab da zaɓe, a ci a sha a manta. Da sito ɗaya aka gina a kowace ƙaramar hukuma aka damƙa wa haɗakar masu shago, aka tsaya masu a wurin masana'anta su karɓi kaya kai tsaye, aka rage shingayen hanya da rasit iri-iri, aka kuma sa mai duba tiya da sikeli wanda ba ya karɓar na goro, da tsohuwar bakin rijiya ta ji canji a ƙullinta ba tare da ta san sunan shirin ba.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira. Dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Wancan na 1911 da ya zo, mai iya cika tarago shi ya yanka farashi, kakanninmu suka zama yaran kanti. Wannan ma in ya fara aiki haka za a yi, ko mai taragon ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Da Sallar da ta wuce na je gida na zauna a bencin ƙofar shago, wanda yanzu ya zama na siminti. Ɗan Kawu ya sa sola, yana da firjin ruwan leda da na'urar POS da wurin cajin waya. Adakar tana nan, littafin dai ya koma boko. Na zayyana masa duk wannan, har da Holan da Amurka. Ya saurara yana ƙulla gishiri.

"Yaya, ai mun gwada," ya ce. "Mu tara muka haɗa, muka ɗauki mota guda har Singa. Wallahi mun ga sauƙi, ko kuɗin motar kaɗai ya isa."

Na ce to me ya hana a ci gaba?

"Zuwa na biyu mutum huɗu ba su kawo nasu ba. Ba ƙi suka yi ba, kuɗin na waje." Ya nuna adakar da haɓa. "Mun dai ce in an yanke gero mu sake zama."